Ƙararrawar Da Ke Raba Yaro Da Fitsarin Kwance

A gidaje da dama, shanya tabarma ko katifa ita ce aikin farko na uwa da zarar gari ya waye. Yaron da ya jiƙa shimfiɗar kuwa yakan sha faɗa ko bulala, wani lokaci ma a ɗora masa tabarmarsa a ka, 'yan'uwansa yara su bi shi suna kiransa amalala. Likitoci sun daɗe da tabbatar da cewa wannan horo ba ya magani, domin yaron ba da gangan yake yi ba.

Kimanin yara 15 cikin 100 na 'yan shekara biyar suna fitsarin kwance, kuma kowace shekara waɗansunsu kan bari da kansu. Abin yana bin jini, sau da yawa akan tarar uba ko uwa sun yi fama da shi a ƙuruciyarsu. Wani yaro ƙodarsa ke tara fitsari mai yawa da dare, wani mafitsararsa ba ta riƙe da yawa, amma babban dalili shi ne cikar mafitsara ba ta iya farkar da yaron daga barci. Wannan matsala ta ƙarshe ita ƙararrawar fitsari ke gyarawa.

Asalin na'urar daga Turai ne. A 1904 wani likitan yara ɗan ƙasar Ostiriya, Meinhard von Pfaundler, ya haɗa shimfiɗa da ƙararrawa don ma'aikatan jinya su san lokacin sauya wa yara zane. Sai ya lura waɗansu yaran sun rage fitsarin. A 1938 kuma wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Hobart Mowrer, da matarsa Willie Mae, suka gwada dabarar a kan yara 30 a birnin New Haven, suka sami nasara. Daga nan ta bazu.

Ta zamanin nan 'yar ƙarama ce, da batir take aiki. Akan maƙala wani ɗan ƙarfe a gajeren wandon yaro, ita kuma ƙararrawar a kafaɗar rigarsa. Da ɗigon fitsari na farko ya taɓa ƙarfen sai ta ɗauki ƙara. Yaron ya farka, ya tsayar da fitsarin, ya je bayan gida ya ƙarasa. Yau da gobe sai ƙwaƙwalwarsa ta koyi gane cikar mafitsara, ya riƙa tashi da kansa ko ya riƙe har asuba.

Sai dai fa aikin ba na yaron kaɗai ba ne. A makonnin farko ƙarar takan tashi kowa a ɗaki, shi kuwa gogan yana ta sharar barci. Tilas babba ya kwana kusa da shi, ya tashe shi har ya wartsake, ya bar shi ya kashe ƙararrawar da hannunsa, ya taya shi sauya kaya. Haka za a yi kowane dare ba fashi, yawanci wata biyu zuwa uku, har ya jera kwana 14 bai jiƙa shimfiɗa ba. Kusan yara biyu cikin uku kan warke ta wannan hanya. Waɗansu abin kan dawo musu, amma idan aka sake ɗaura na'urar yawanci akan dace. Akwai maganin sha da ake kira desmofiresin wanda ya fi saurin aiki, sai dai da an daina shansa fitsarin kan dawo ga yara da yawa.

Na'urar ta fi amfani ga yaron da ya kai kimanin shekara bakwai, wanda shi da kansa yake son rabuwa da matsalar. Kafin a saye ta kuma, wajibi ne likita ya duba shi. Yaron da ya yi wata shida ba ya fitsarin kwance sannan ya koma, ko mai yawan ƙishirwa da rama, ko mai jin zafin fitsari, ko mai fitsarin jini irin na tsargiya, magani yake bukata a asibiti. Haka nan masu amosanin jini, waɗanda ke da yawa a Nijeriya, sun fi sauran yara fama da fitsarin kwance saboda ƙodarsu na zubar da ruwa da yawa. Taurin bayan gida ma yakan matse mafitsara, a fara magance shi tukuna.

Ranar da yaro ya tashi da kansa, ko da shimfiɗar ta ɗan jiƙe, ya cancanci yabo, domin alama ce ta an kama hanya. Iyayen da suka ajiye bulala suka jure rashin barcin 'yan watanni, su ne ke tura ɗansu makarantar kwana ko gidan kakanninsa hankalinsu kwance.