Abin da ke Cikin Wayar Hannu

Wayar hannu ta zamani, wadda ake shafa fuskarta da yatsa, kwamfuta ce ƙarama da aka yi daidai aljihu. Tana da wata 'yar'uwa da ake kira tabilet, wadda ta fi ta faɗi, kamar allon ɗan makaranta. Cikinsu kusan iri ɗaya ne, girma ne ya raba su.

Kowace ɗayansu abu biyu ne aka haɗa. Na fari shi ne jiki, watau kayan da ake gani a taɓa. Na biyu kuwa umarni ne da mutane suka rubuta suka zuba cikin jikin, shi ake kira manhaja. Ba a ganinta, ba ta da nauyi, amma in babu ita, waya ba ta fi guntun tangaran amfani ba.

In mai gyara ya buɗe bayan waya, abin da ya fi cin wuri shi ne batir. Kusa da shi akwai wani ɗan faifai siriri, an jera ƙananan abubuwa baƙaƙe bisansa. Shugabansu shi ne wanda ake kira ƙwaƙwalwa, girmanta bai wuce farcen babban yatsa ba. Da silikon ake yin ta, shi kuwa silikon daga irin dutsen da ke cikin yashi ake tace shi. Cikin wannan 'yar ƙwaƙwalwa akwai 'yan makunnan lantarki fiye da miliyan dubu, kowane ko ya buɗe ko ya rufe. Da buɗewa da rufewar nan take yin lissafi. Hoto da murya da rubutu duka a wurinta lissafi ne. Kamfanin Arm na ƙasar Ingila shi ne tushen zanen yawancin irin waɗannan ƙwaƙwalwa, ana ƙera da yawansu a Taiwan da Koriya ta Kudu.

To, mai lissafi ba ya rasa wurin rubutu. Almajiri yana da allo, yana kuma da gafaka. Bisa allo yake rubuta karatun da yake yi yau, in ya haddace sai ya wanke. Cikin gafaka kuwa yake ajiye littafinsa shekara da shekaru. Haka waya take. Allonta shi ake kira ram, nan take ɗora aikin da ke hannunta, da an kashe ta sai ya wanku sarai. Gafakarta ita ce ma'ajiya, nan hotuna da saƙonni ke zama ko da batir ya ƙare. Dukansu da giga ake auna su, shi ya sa mai saye kan rikice. In mai kanti ya ce waya tana da giga 64, gafaka yake nufi. Sai mai saye ya tambayi girman allon, domin wayar da allonta giga 2 ne takan yi nauyin jiki in an buɗe abubuwa da yawa, kome girman gafakarta.

Gilashin fuska kuma da tasa hikimar. Ƙarƙashinsa an shimfiɗa wata raga ta lantarki da ido ba ya gani. Jikin mutum yana ɗaukar lantarki, saboda haka in yatsa ya taɓa, sai ragar ta ji daidai wurin. Wannan ne dalilin da ya sa in aka taɓa ta da busasshen kara ba ta amsawa, in kuwa ruwa ya zuba a kanta sai ta ruɗe.

Manhajoji suna da yawa, akwai ta aika saƙo, da ta ɗaukar hoto, da ta karatu. Dukansu suna son ƙwaƙwalwa ɗaya da allo ɗaya, da za a bar su sai su yi ta kokawa. Domin haka aka yi musu shugaba, watau babbar manhaja. Aikinta kamar na sarkin kasuwa ne. Ita ke ba kowace rumfarta, ita ke cewa wance ta shiga wance ta dakata. In wata manhaja tana son ta kunna kyamara, ko ta duba lambobin mutane, sai babbar manhaja ta tsai da ita ta nemi iznin mai waya tukuna. Bai kamata yaro ya danna amincewa ba sai ya karanta abin da ake roƙo.

Manyan manhajojin da suka mamaye duniya biyu ne, duka daga Amurka suka fito. Kamfanin Apple ya fito da iPhone a 2007, da iPad a 2010. Babbar manhajar iPhone sunanta iOS, ta iPad kuwa tun 2019 ake kiranta iPadOS, kuma Apple ba ya ba kowa su. Ɗayar ita ce Android. Kamfanin Google ya saye ta a 2005, wayarta ta fari ta fito a 2008. An gina ta bisa wata manhaja mai suna Linux, wadda wani ɗalibi a ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya soma rubutawa a 1991. Google ya bar wa sauran kamfanoni su ɗauka, shi ya sa Samsung da Tecno da Itel da Infinix duka Android ke cikinsu. Manhajar da aka rubuta domin Android ba ta aiki cikin iPhone sai an sake rubuta ta, kamar yadda wasiƙar Hausa ba ta karantuwa ga wanda bai ji Hausa ba.

Babbar manhaja aikin ɗan Adam ce, ba ta rasa kafa, ɓarayi kuwa kullum neman kafar suke domin su saci kuɗi ko asirin mutane. In masu ita suka gano kafa, sai su aiko da gyara ta intanet, waya ta nuna tana son sabuntawa. Ya kamata a bar ta ta karɓa. Amma ba a aiko wa waya gyara har abada, bayan 'yan shekaru kamfani yakan daina. Daga nan sababbin manhajoji sukan soma ƙin ta ɗaya bayan ɗaya, ko da gilashinta bai tsage ba, batirinta kuma yana riƙe wuta.