Ko Kun Sani? Tsohuwar Sabar Na Iya Komawa Kwamfutar Wasanni

Manyan kamfanonin intanet kan sauya kwamfutocinsu na sabar bayan 'yan shekaru, su sayar da tsofaffin a gwanjo. A nan ne masu wasannin bidiyo da aljihunsu bai cika ba suke samun garaɓasa.

Alal misali, ƙwaƙwalwar sabar ta Intel mai suna Xeon E5-2670 ta fito a 2012 da farashin da ya haura dala 1,500. Tana da sassan aiki takwas a cikinta. Zuwa 2016 ta cika kasuwar eBay har ana sayenta ƙasa da dala 100. Ganin haka, wasu kamfanonin China irin su Huananzhi suka shiga ƙera alluna masu arha da za a ɗora ta a kai, kuma matasa a Brazil da Rasha suka yi rububin saye. Ita ma ma'adanar wucin gadi ta sabar, nau'in DDR3 ECC, ta yi arha sosai.

Sai dai kayan arha ba ya rasa illa. Wannan Xeon ba ta fitar da hoto da kanta, dole a haɗa ta da katin hoto na daban. An gina ta ne don ɗaukar ayyuka da yawa lokaci guda, alhali wasanni da dama sun fi son saurin sashe ɗaya. Tana shan wuta wajen wat 115, kuma ba ta cikin jerin ƙwaƙwalen da Windows 11 ta amince da su.