Idon Sawu da Tsoron Wuƙar Likita

A Talata Mafara da Bakura da Maradun maganar ta zauna a bakin jama'a: wai wanda babur ya murƙushe wa idon sawu, in aka kai shi asibiti, yanke ƙafar za a yi, gara a nemi mai ɗori. Wannan tsoro shi kansa yana cikin abin da ke kai mutane ga yankan. Mai ɗori zai ɗaure wurin tamau da karare alhali ƙafa na kumbura, jini ya kasa zagayawa, nama ya fara mutuwa. Sai bayan kwanaki, yatsu sun yi baƙi, wurin yana wari, a ɗauko majinyaci zuwa Gusau ko Sakkwato. Likita ya yanke don ya ceci rai, mutane kuma su koma gida da hujjar abin da suka daɗe suna faɗa.

Za a ce ai masu ɗori suna warkar da karaya tun kaka da kakanni. Gaskiya ne, ƙashin da ya karye bai goce ba yakan haɗe in an hana shi motsi. Amma idon sawu gaɓa ce ta ƙasusuwa uku, ƙaramin na ƙasa yana zaune daram tsakanin na ƙwauri biyu, kuma duk nauyin jiki a kansa yake sauka. Binciken da Ramsey da Hamilton suka wallafa a 1976 ya nuna cewa in ƙaramin ƙashin ya goce da milimita ɗaya tak, fuskar da ke ɗaukar nauyi tana raguwa da kashi 42 cikin ɗari. Manomin Bakolori ya san yadda fartanya ke cin ƙota in bakinta ya karkace. Haka guringuntsi ke cinyewa, shekaru kaɗan mutum ya koma ɗingishi. Hannu ba ya gane milimita ta cikin kumburi, sai hoton ƙashi.

In kuma ƙashi ya huda fata, ko harsashi ne ya ratsa, lamarin na sa'o'i ne. Ana fara ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta, a wanke raunin a ɗakin tiyata, a cire mataccen nama, a riƙe ƙafar da ƙarfe ta waje. Sai kumburi ya sace a mayar da gutsattsarin ƙashi mazauninsu da faranti da ƙusoshi, a rufe da fata ko tsokar da aka ɗebo daga wani sashen jiki. Ƙarfen ba ya tsatsa. In gaɓar ta lalace sarai, ana haɗe ta ta daina lanƙwasa, mutum ya taka ƙafarsa.

Uzurin da nake karɓa shi ne na kuɗi da nisa. Asibitin Ƙashi na Dala yana Kano, hanya ba tsaro, kuɗin ƙarfe ya fi ƙarfin talaka. Gwamnatin Zamfara ce ya kamata ta tabbatar Babban Asibitin Talata Mafara na iya wanke rauni da sa ƙarfen waje ko da tsakar dare, da motar da za ta wuce da majinyaci gaba, ta kuma zauna da masu ɗori su amince su riƙa turo duk karayar da ta fasa fata tun ranar farko.