Kula da Fentin Mota da Tayoyinta

Fentin motar zamani hawa-hawa ne: na ƙasa mai hana tsatsa, sai mai launi, sannan wani siririn rufi mai sheƙi a sama. Wannan na saman shi ke shan rana da ƙura. A lokacin hunturu, idan ƙura ta lulluɓe mota, babban kuskure shi ne a goge ta da busasshen tsumma, domin ƙurar na ɗauke da yashi mai kankare fenti sannu a hankali har ya dushe. Kamata ya yi a fara watsa ruwa daga rufin motar zuwa ƙasa, sannan a wanke da soso mai laushi, a inuwa, don kada kumfa ta bushe a jiki. A guji garin sabulun wanki, domin yana cinye man da ake shafa wa fenti. Kashin tsuntsu kuwa a wanke shi nan take, domin yana ƙona fenti idan rana ta buge shi.

Baƙin da ke taruwa a ƙarfen taya ƙurar birki ce, cike da ɓurɓushin ƙarfe, shi ya sa tayoyi ke buƙatar nasu bokitin da buroshi daban. Taɓon damina da ya maƙale a ƙarƙashin madigadi yana riƙe danshi, daga nan tsatsa ke somawa.