Lafiyar yaro kamar jan ruwan rijiyar Adar ce

A arewacin Adar, daga Takanamat har a doshi Azawak, rijiya tana da zurfin da mutum guda ba ya iya mata. Wani yana kora jaki ko raƙumi da igiya, wani yana bakin rijiya yana jiran wasaki, wani yana juyewa a kwami. Mai kora ba ya ganin ruwa, kiran na bakin rijiya kawai yake saurare. In kiran bai isa kunnensa ba, wasaki ya bugi itace, ruwa ya koma inda ya fito.

Haka lafiyar yaro take. Tun 2006 gwamnatin Nijar ta ce a duba yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta. Akwai ƙananan ɗakunan magani a ƙauyuka, akwai likitar gunduma, akwai babban asibiti da cibiyar uwa da yaro a Tawa. Da damina ana rabon maganin rigakafin masassarar cizon sauro gida gida. Igiya dai ta samu. Amma wadda ke bakin rijiya ita ce uwa, kuma ita ce ba a cika sauraro ba.

Sau da yawa maigida ya tafi cirani Abijan ko Libiya, shawarar kai yaro likita tana hannun kakarsa. Majon (wato ma'aikacin jinya) da ya ce mata, "Inna, zauna ki gaya mini yadda abin ya faro," ya samu abokiyar aiki. Wanda ya daka mata tsawa don wanzami ya cire wa yaro beli, to gobe ba zai ga yaron ba, balle ya bayyana mata haɗarin zubar jini da ƙwayar cuta. Matar da ta sunkuyar da kai da aka tambaye ta sunan ɗanta, kunyar ɗan fari ce ta riƙe bakinta, sai a ɗauka ba ta damu ba. Buzuwa ko Bafillatar da aka yi wa bayanin magani da Faransanci za ta ce "to," ta tafi ba ta san awo ba. Iyalin makiyayi kuwa, allura ta farko a nan, ta biyu sun yi nisa da dabbobi.

'Yan asalin Ostireliya sun sha irin wannan, har suka guji asibitocin da ake wulaƙanta su. A 1971 suka buɗe asibitinsu a unguwar Redfern ta birnin Sidni, al'umma ke tafiyar da shi, kuma irinsa suka bazu a ƙasar.

Abin da muke bukata ba ya da tsada. Kowace likita ta samu mai jin Tamajak da Fillanci. A jawo ungozoma, wanzami da liman cikin shawara, su ne za su ce a bai wa jariri dakashi, a kai shi awo kafin tamowa ta kama shi. A tsara ranar allura da ranar kasuwa da lokacin da makiyaya ke sauka. In an tura yaro Tawa, takardarsa ta bi shi, amsa ta dawo wa majon ƙauye.

Ya ku ma'aikatan lafiya da magadan gari, ku fara da sauraron uwa da harshenta, sannan ku rubuta magani.