Baƙo Ko Baƙon Haure: Muhawarar Da Ta Iso Kasuwannin Jugu Da Faraku

Duk wanda ya saba bin kasuwannin ƙauye da ke kewaye da garin Jugu a arewacin Jamhuriyar Binin ya san cewa daga lokacin haƙar doya har zuwa lokacin tsintar kashu ba a rasa baƙin fuska a Bariyenu. Gunduma ce ta manoma a gabas da Jugu, ɗaya daga cikin gundumomi 12 da suka haɗu suka yi ƙaramar hukumar Jugu ta jihar Donga, kuma amfanin gonar da ake nomawa a can shi ke jawo masu saye daga Faraku da Malanbil da Togo, har ma da Nijeriya da Nijar. A can baya, tambayar farko da ake yi wa baƙo a irin waɗannan garuruwa ita ce gidan wa ya sauka. A 'yan shekarun nan kuwa tambayar ta koma ina takardarsa, kuma amsar da ya bayar ita za ta nuna ko a masauki zai kwana ko a hannun hukuma.

Ba haka kawai abin ya canza ba. Tun daga ƙarshen shekarar 2021 'yan bindiga masu tsallakowa daga Burkina Faso da Nijar suka fara kai wa sojojin Binin hari a jihohin Atakora da Alibori. A watan Janairun 2025 rahotanni sun ce an kashe sojoji aƙalla 28 a wurin da iyakokin ƙasashen uku suka haɗu, bayan wata uku kuma gwamnati ta tabbatar da mutuwar wasu 54 a gandun dajin W. Wuraren da aka yi wannan ta'asa suna da nisa da Jugu, to amma babbar hanyar Natitingu ta nan ta bi, kuma masu iya magana sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Daga nan ne muhawara ta tashi, a gidajen rediyo da tashoshin mota da rumfunan kasuwa. Masu cewa a tsaurara suna kukan cewa iyakokin ƙasar sun zama rariya, mutum zai hau babur daga wata ƙasa ya biyo ta daji ya wayi gari a cikin kasuwa ba wanda ya san sunansa balle asalinsa. Wasu suna haɗawa da rikicin manoma da makiyaya, wanda ya sa tun a ƙarshen 2019 gwamnati ta hana shigo da garken shanu daga ƙasashen maƙwabta don kiwo. Wasu kuma, in za a faɗi gaskiya, ba tsaro ne ya dame su ba, ciniki ne. Baƙo ya zo ya ƙara kuɗin buhu a bakin gona, ko ya karya farashi a shago, sai a tuna cewa ai ba ɗan ƙasa ba ne. A ɗaya ɓangaren akwai masu gargaɗin cewa kalmar baƙon haure ta fara zama bulalar da ake tsula wa duk wanda aka ji yana Hausa ko Zabarmanci ko Fulatanci, ko da kuwa a unguwar zango aka binne cibiyar kakansa.

Wannan magana ta ƙarshe ba ƙari a cikinta. Jugu, wadda fatake suka sani da suna Zugu, zango ce a kan tsohuwar hanyar Gwanja tun kafin a san akwai wata ƙasa mai suna Dahome a taswirar Turawa. Ayari kan taso daga Kano ko Katsina da kanwa da fata da turkuɗi, ya haye Kwara, ya ratsa ƙasar Bargu ta Nikki, ya yada zango a Zugu, sannan ya wuce Salaga ya sayo goro. A shekarar 1826 Baturen nan Clapperton ya tarar da irin wannan ayari na Hausawa a Kayama, sun fito daga Gwanja za su gida. Sarki yana zaune a Kilir, 'yan kasuwa Musulmi suna unguwar Wangara, kowa ya san matsayinsa. Iyakar da ake magana a kanta daga baya ta zo: a 1894 Lugga da Faransawa suka yi tseren isa Nikki, a 1898 aka zauna a Faris aka raba Bargu biyu, Nikki ta faɗa hannun Faransa, Busa ta faɗa hannun Ingila. Ko sunayen kasuwannin sun isa shaida. Bahaushe ba ya bukatar tafinta kafin ya gane ma'anar Arzeke ta Faraku, ko Kasuwar Allah ta Wake a bakin iyakar Togo.

Sai dai kada mai karatu ya ɗauka cewa a wancan zamani kowa shiga yake yi yadda ya ga dama. Madugu yakan kai wa sarki gaisuwa ya biya fito kafin ayari ya wuce. Falke yana da maigidan da yake sauka a wurinsa, wanda zai ajiye masa kaya, ya nemo masa masu saye, ya tsaya masa idan rigima ta taso, ya kuma amsa tambaya idan baƙonsa ya yi ɓarna. Maigidan nan shi ne fasfo, shi ne biza. Wanda ya shigo gari ba maigida, ko a da ma ana kallonsa da wutsiyar ido. Abin da ya canza shi ne yanzu hukuma ba ta karɓar shaidar baki, kati take so ta gani, kuma da yawa daga cikinmu har yau muna tafiya da tsarin kakanni a ƙasar da ta koma kwamfuta.

Wani abin da masu zafin kai a wannan muhawara kan manta shi ne Jugu kanta uwar 'yan ci-rani ce. Shekara da shekaru samarin Donga suna tsallakawa Nijeriya su yi ƙwadago a gonakin Shaki da kewayenta a jihar Oyo, a yi yarjejeniya da yaro ya yi noman shekara guda a sallame shi da babur. Kaɗan ne daga cikinsu ke bin ta gaban jami'in shige da fice. Wasu sun bi ta Agadas sun nufi Aljeriya da Libiya, inda idan aka kama su akan kwaso su a zube a cikin sahara, su taka wajen kilomita 15 a ƙafa kafin su iso Asamaka a ƙasar Nijar. 'Yan mata kuma dillalai sun kai su aikatau Kuwet da Labanan, an karɓe musu fasfo tun daga filin jirgi. Uwar da ɗanta ke ɓuya a wani kango a Aljeriya ta fi kowa sanin abin da kalmar baƙon haure ke nufi.

To me doka ta ce? Yarjejeniyar da shugabannin ECOWAS, wadda a nan aka fi sani da CEDEAO, suka sa wa hannu a Dakar a 1979 ta ba ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar damar shiga wata ba tare da biza ba, ya zauna har kwana 90. Amma da sharaɗi: ya riƙe sahihiyar takardar tafiya da katin rigakafi, ya kuma shigo ta ƙofar da hukuma ta sani. Idan zai wuce kwana 90 sai ya nemi izinin zama. Binin ma ta ƙara da nata, domin daga 2017, a zamanin Patrice Talon, ta ɗauke wa duk 'yan Afirka biza ta gajeren zama. Ke nan ɗan kasuwar Kano ko Maraɗi da ya zo sayen kashu ba mai laifi ba ne don ya zo. Inda gizo ke saƙar shi ne, da yawa ba su da takardar ko ɗaya, wasu nasu sun daɗe da mutuwa, wasu kuma sun shigo lafiya lau amma kwana 90 sun cika suna ƙauye suna bin bashi. Kwana 90 kamar gobe ne ga wanda ya raba kuɗi a hannun manoma. Ranar ta 91 ba abin da ya canza a jikinsa ko a cinikinsa, amma a idon doka sunansa ya canza. Kuma kowa ya san wanda ba shi da takarda shi ne abincin shinge a duk hanyoyin Afirka ta Yamma, kuɗin da yake bayarwa na goro a shekara ya ninka kuɗin katin sau da yawa.

Lamarin 'yan Nijar ya fi na kowa sarƙaƙiya. Faraku ta ginu ne a kan kayan Nijar, bayan jirgin ƙasa ya iso daga Kwatano a 1936 aka riƙa sauke kaya a nan ana ɗora wa manyan motoci su nufi Malanbil da Gaya da Doso. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka rufe gadar Malanbil. A 2024 Binin ta buɗe nata ɓangaren, Nijar ta bar nata a rufe, aka kuma shiga 2025 a haka. Jama'a ba su daina tafiya ba, kwalekwale suka koma hawa a kan idon kowa. To amma kwalekwale ba ya buga hatimi. Mutumin da ya biya kuɗin fito da rana tsaka, idan aka tare shi a Kandi ko Faraku aka nemi shaidar ranar da ya shigo, me zai nuna? Bugu da ƙari, a ranar 29 ga Janairun 2025 ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata. Ƙungiyar ta ce a ci gaba da karɓar fasfo da katunansu, a bar su su yi zirga-zirga da zama kamar da, har sai an ji wata sanarwa. Wannan alfarma ce, kuma wanda ya san bambancin alfarma da haƙƙi ba zai saki jiki ba.

Waɗanda aka haifa a nan suna da tasu matsalar. Daga 2017 zuwa 2018 gwamnatin Binin ta yi gagarumar rajistar jama'a da ake kira RAVIP, aka ɗauki hoto da zanen yatsu, daga baya hukumar ANIP ta riƙa ba kowa lambarsa da katinsa. Sannu a hankali lambar nan ta zama mabuɗin banki da layin waya da jarrabawar 'yan makaranta. Tushen komai kuwa takardar haihuwa ce, wadda iyaye da yawa a zango da ruga ba su yanka wa 'ya'yansu ba, wasu don nisan ofis, wasu don ganin ai kowa ya san gidanmu. Yaron da ba shi da takardar Binin, bai taɓa taka Nijeriya ko Nijar ba balle ya sami tasu, to ɗan ina ne? Dokar zama ɗan ƙasa ta 2022 ta sauƙaƙa wani abu, domin ta daidaita uwa da uba wajen ba 'ya'ya ƙasa, abin da ya shafi 'yan kasuwa da dama da suka yi aure a nan. A 2024 ma an yi dokar da ta buɗe ƙofa ga jikokin bayin da aka kwashe zuwa Amurka da tsibiran Karibiyan. Ba mai baƙin ciki da wannan, illa dai abin da ban takaici a ce na ƙetaren teku ya zo ya karɓi takarda, na bayan masallacin zango yana nan bai nema ba.

Dalilin da ya sa dattawa ba sa wasa da wannan batu shi ne sun ga jiya. Mutanen Dahome kansu an kore su daga Abijan a 1958, an kore su daga Nijar a ƙarshen 1963 lokacin rikicin tsibirin Lete, an kuma kwaso dubbansu daga Gabon a 1978 bayan Bongo da Kereku sun saɓa. A Nijeriya kuwa, a 1980 an ɗauki Shugaba Abdurrahman Darman, jagoran masu rinjaye a majalisar dokokin jihar Borno, aka kai shi Chadi wai ba ɗan ƙasa ba ne, sai da kotu ta dawo masa da haƙƙinsa. Idan za a yi wa ɗan majalisa haka, ina ga mai tallan goro?

A ranar 18 ga Nuwamban 1969 gwamnatin Busia a Gana ta ba duk baƙon da ba shi da izinin zama mako biyu ya fita. Yarabawa da Hausawa da Zabarmawa da aka haifa a zangunan Kumasi da Ankara suka ɗaure kaya zuwa garuruwan da ba su taɓa gani ba. A ranar 17 ga Janairun 1983 gwamnatin Shagari ta rama, ministan cikin gida Ali Baba ya yi sanarwa, shi ma mako biyu ya bayar. Kuɗin mai ya faɗi, aiki ya yi wuya, zaɓe ya matso, ga kuma rikicin Maitatsine na 1980 da aka ɗora wa baƙi bai bar zukata ba. An ƙiyasta mutum wajen miliyan biyu ne suka fita, kusan rabinsu 'yan Gana, kuma ta cikin Binin ɗin nan ayarinsu ya ratsa, suka yi kwanaki a jibge a bakin iyaka da jakunkunan da har yau ake kira da sunan korar. A 1985 gwamnatin Buhari ta sake yin wata. Duk waɗannan lokuta an sami masu garzayawa ofishin jakadanci neman takarda bayan an yi sanarwa, suka tarar da layin da ba zai ƙare a mako biyu ba. Shago da gida da mota aka sayar da su a kuɗin da mai saye ya ga dama, bashin da ke hannun mutane kuwa aka bar shi a can.