Ibrahim Njoya, Mai Zanen Sarakunan Fumban

A garin Fumban da ke yammacin Kamaru, har yau masu zane na jera fuskokin sarakunan Bamun a kan takarda guda, tun daga Nchare Yen da ya kafa masarautar har zuwa na baya-bayan nan. Wanda ya fi kowa kafa wannan salo shi ne Ibrahim Njoya, ɗan'uwan Sarki Njoya kuma takwaransa. Mai zanen ya rasu a 1962.

A fada ya tashi, a zamanin da fadar ta zama makaranta. Sarki Njoya ya ga littattafan Larabci a hannun fatake Hausawa da Fulanin Banyo, sai ya ƙudura cewa Bamun ma za ta yi nata rubutun. Wajen 1896 aka fara da alamomi kusan 500, aka yi ta tacewa har suka dawo 80 a 1910. Ibrahim na cikin matasan da suka riƙe wa sarki alƙalami a wannan hidima.

Da Faransawa suka karɓe ƙasar daga hannun Jamusawa, sai suka rage wa sarki iko, makarantun rubutun Bamun suka mutu. A 1931 aka kai sarki Yawunde, can ya rasu a 1933. A nan ne, a ganina, girman Ibrahim ya fito. Ya zauna a garinsu ya ci gaba da zane shekara da shekaru, yana mai da abin da dattawa suka haddace zuwa hoto: yaƙe-yaƙen Sarki Mbuembue, bukukuwan fada, kayan sarauta, har da tatsuniyoyi da ya zana daki-daki. Saboda waɗannan tatsuniyoyin ake lissafa shi cikin magabatan labarin zane a Afirka.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne gefen takardunsa. Yakan kewaye hoto da ado mai kusurwa-kusurwa irin na sassaƙa da tufafin Bamun, wanda duk almajirin da ya saba da zayyanar allo zai ji kamar ya san shi. Kusa da hoton kuma sai ya sa bayani da haruffan nan da aka daina koyarwa, ta yadda mai kallon sarki dole idonsa ya faɗa kan rubutun.